Yadda muka raba rijiyar gidanmu da warin baragurbi

A ƙarshen rani, da ruwa ya ja baya, rijiyar gidanmu ta fara warin baragurbi. Igiyar guga ta yi yauƙi, gindin gugan kuma ga baƙar dauɗa mai kama hannu. Wani ma'aikacin duba-gari ya leƙa ya ce iskar haidirojin salfaid ce. Wasu bakteriya da ke zaune cikin lakar ƙasan rijiya, inda iskar shaƙa ba ta kaiwa, su ke cin sinadarin salfet na ruwa suna fitar da ita, ruɓaɓɓen ganye kuma yana ƙara musu abinci. Ya ce zuba magani a kan laka asara ce, sai an yashe tukuna.

Wajen yasar nan na fi tsayawa tsayin daka. Mai yasar ya leƙa ya ce, "Alhaji, ai warin ya ragu, bari in sauka." Na ce a'a. Iskar nan ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, a ƙasa take kwanciya, kuma in ta yi yawa takan kashe wa mutum jin wari gaba ɗaya, ya zaci lafiya lau har ya sume. Muka bar rijiyar a buɗe, muka janye ruwan da inji, injin can nesa da baki saboda hayaƙinsa ma kisa yake. Muka yi ta zura reshen darbejiya mai ganye muna jawowa don iska ta sauya. Sannan ya sauka da igiya a ƙugu, ƙarti biyu na riƙe da ita. Lakar da ya fito da ita baƙa ƙirin ce.

Bayan an kankare bango, muka dama garin kulorin mai ƙarfin kashi 65 cikin 100, kimanin giram 80 ga kowace lita 1,000 ta ruwan rijiyar, muka zuba, ya kwana a rufe. Kashegari aka yi ta janyewa har warin kulorin ya tafi.

Ruwa ya yi garau, amma sai da na kai shi awo, domin ƙwayoyin da ke kawo kwalara da taifot ba su da wari ko kaɗan. Ana son masai ya yi nisan aƙalla mita 30 da rijiya, namu kuwa bai kai ba. Don haka muka ɗaga bakin rijiyar da siminti, muka yi mata murfi, ruwan shan yara kuma har yau tafasa shi muke yi.