Yadda muka fara magana da autanmu a kan ƙwaya

A gidanmu a Argungu kowa ya san autanmu na shan tiramol, amma babu mai kiran abin da sunansa. Inna sai dai ta ce yaron nan ya canza. Kawu kuwa ya tara dattawa a zaure aka yi masa ca, har aka sa shi ya dafa Alƙur'ani ya rantse ya daina. Ba a je ko'ina ba ya koma, kuma daga ranar ya daina cin abinci a gida.

Ni ce babbar yayarsa, ni na goya shi, don haka na ce a bar ni da shi. Abin da na fara ganewa shi ne lokaci. In ya dawo da yamma yana gyangyaɗi yana soshe-soshe, duk abin da aka faɗa masa ɓata yawu ne. Sai na jira wata Juma'a da bai je fadama ba, ya ci ya ƙoshi, babu kowa a tsakar gida. Na ciro fakitin da na tsinta a aljihunsa wajen wanki na ajiye a kan tabarma. An rubuta 225 a jiki, alhali miligiram 50 da 100 ne hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna ta amince da su. Ban ce masa ya ji tsoron Allah ba, ya ji wannan har ya gaji.

Na ce, "Auta, me take yi maka?"

Ya daɗe yana kallon ƙasa. Can ya ce, "Yaya, da don aiki ne. Dashen shinkafa, mutum na sunkuye cikin ruwa tun sassafe. Yanzu in ban sha ba ƙasusuwana ciwo suke, ga zufa, ga gudawa, ba barci."

Wannan amsa ita ta sauya mini tunani. Mu muna neman ya yi alkawari, shi kuwa jikinsa ne ya riga ya saba. Likitan da muka gani daga baya ya ce wanda ya daɗe yana sha ba a yanke masa rana ɗaya, a hankali ake ragewa, kuma shan ta da yawa kan jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya. Don haka ban roƙe shi ya daina ba. Abu ɗaya na roƙa: ya raka ni wurin likita.

Da na ambaci asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a Sakkwato, sai ya miƙe, wai so nake a ce masa mahaukaci. Na bar maganar. Muka fara da asibitin kusa, da kansa likita ya sake tayar da ita.

Kuɗi a hannu na daina ba shi, kuma na faɗa masa a fili. In abinci ne in zuba masa, in man babur ne mu je tare. Ya yi fushi, ya huce.

Lokacin girbi ya sake komawa sha, da bakinsa ya gaya mini kafin in ji a gari. Kawu har yanzu yana ganin shagwaɓa shi nake yi, ya ce a kai shi gidan mari a ɗaure. Ni da Inna mun ce a'a. Ranar ganin likita ta gaba Inna ce za ta raka shi.