Godiya ga duk wanda ya sa hannu muka kai Baba kallon Springsteen

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na yi jinkirin wannan godiya ne saboda murar da na kwaso a daren Larabar nan, 22 ga Mayun 2024, sai yanzu ta sake ni. Alhamdulillahi na warware. Baba kuwa, wanda shi duk muka ji wa tsoro, ko tari bai yi ba.

Ga wanda bai san zancen ba, aikin kula da tsofaffi nake yi a nan Sunderland, arewa maso gabashin Ingila. Cikin gidajen da nake zuwa akwai na wani dattijo Bature da nake ce wa Baba, tun yana dariya har ya saba amsawa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, ba ya fita sai a keken guragu, magana ma da ƙyar take fitowa. Tsohon mahaƙin kwal ne. Ramin da ya ƙare ƙuruciyarsa a ciki, na Wearmouth, an rufe shi a 1993, aka share wurin aka gina filin ƙwallon garin, Stadium of Light, wanda aka buɗe a 1997. A wannan filin ne Bruce Springsteen, tsohon mawaƙin rok ɗan Amurka, ya zo wasa da makaɗansa na E Street Band.

Ni da farko ban ga abin wahalar da tsoho a kan kiɗa ba, sai da 'yarsa ta warware mini. Mahaƙan kwal na ƙasar nan sun yi yajin aiki na shekara guda cur, daga Maris 1984 zuwa Maris 1985, zamanin Firaminista Margaret Thatcher, suka koma aiki ba su samu abin da suka nema ba, ga bashi ya yi musu katutu. A watan Yunin 1985 Springsteen ya zo wasa Newcastle, ya ba ƙungiyar da ke tallafa wa iyalan mahaƙan Northumberland da Durham dala 20,000. Baba bai je ba, kuɗin tikiti babu. Da mawaƙin ya zo Sunderland a 2012, uwargidan Baba na kwance ba lafiya. Wannan karon 'yar ta ce ko ana ha-maza-ha-mata sai mahaifinta ya gani. Ita ta sayi tikiti, ta nemi wuri a dandamalin masu keke, ta kuma ce ni take so na raka shi don na fi kowa sanin yadda ake ɗaga shi. Na gode mata da wannan amana.

Sai ga ruwa. Tun da rana ake tsuga shi babu ƙaƙƙautawa. Ranar ce ma Firaministan wancan lokacin, Rishi Sunak, ya tsaya ƙofar ofishinsa a Landan yana sanar da ranar zaɓe ruwa na dukansa, to ku ƙiyasta mu da muke bakin teku. Motar da muka yi alkawari da ita ta ce ba za ta samu zuwa ba, saura sa'a biyu. Na jefa cigiya a zaurenmu na WhatsApp, kafin na ajiye waya wani yayanmu mai tasi ya kira, ya ce motarsa na ɗaukar keke, ga shi nan tafe. Ya bar cinikin da ya fi kowane tsoka a makon, ya kai mu, ya dawo cikin dare ya ɗauke mu, na miƙa kuɗi ya ce in ban mayar aljihu ba zai bar ni a titi. Yaya, Allah ya yi wa nema albarka, ya tsare ka a hanya. Hajiyarmu kuma ta aiko da kunun gyaɗa mai zafi a fulas da bargo mai kauri. Hajiya, Baba ya sha kununki har ya ɗaga kofin yana neman ƙari.

Wasan kansa, ban taɓa ganin irinsa ba. Mutumin nan a lokacin shekararsa 74, a 1949 aka haife shi. A 2023 ma gyambon ciki ya sa ya ɗage wasanni da dama. Amma ya yi kusan sa'a 3 yana abu ɗaya, waƙa na ƙarewa zai ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu, wata ta tashi. Ba ya zama ƙarƙashin rumfar dandamali inda ruwa ba ya kai wa, saukowa yake wurin jama'a yana jiƙewa tare da su. Mai gangarsa Max Weinberg, da Steven Van Zandt mai jita da ɗankwali a ka, da Garry Tallent, duk sun haura 70, kuma sun fi shekara 40 da sanin hannun juna. Shi ya sa kafaɗa kawai zai ɗaga kiɗa ya tsaya cak. Mai busa saksofon, Jake Clemons, ya gaji baffansa ne Clarence da ya rasu a 2011.

Inda ya kama ni shi ne da makaɗan suka ja baya ya rage shi da jitarsa. Ya ba da labarin abokinsa George Theiss, wanda ya jawo shi ƙungiyar kiɗa ta farko a 1965 yana ɗan shekara 15. Theiss ya rasu a 2018, sai ya zama shi kaɗai ya rage cikinsu. Na sunkuya in gyara wa Baba bargo sai na ga hannunsa na hagu, mai lafiyar, yana nuna ƙasa. Na zaci wani abu ne ya faɗi, har na fara dubawa ƙarƙashin keken. Ashe ramin yake nufi. Ya kira sunaye uku a jere, tiryan-tiryan, shi da ko ruwa zai nema sai ya yi ta fama da harshe. Daga baya 'yarsa ta ce abokan aikinsa ne da suke sauka rami tare, kuma babu ko ɗaya da ke raye.

Akwai waɗanda ba sa jin Hausa, na riga na gode musu da baki, amma ina so ku taya ni. Wata ma'aikaciyar filin ta ga ina duba agogo bayan ƙarfe tara, na ce mata sallar magariba nake so na yi, ta nuna mini wani lungu busasshe, ta tsaya wurin Baba har na idar. Wasu mata da miji da ke gefenmu suka cire rigar ledar da ke jikin mijin suka rufe wa Baba ƙafafu, shi ya ƙarasa wasan a jiƙe sharkaf. Wajen fita kuma wasu samari huɗu, da alama sun ɗan sha, suka zama mana 'yan share hanya har bakin mota, suna ta ihu a ba dattijo wuri. Abokin aikina da ya karɓi aikina na washegari da safe ba tare da na roƙa sau biyu ba, kai ma na gode.

Mun ji cewa bayan daren nan muryar mawaƙin ta dishe, likitoci suka ce ya huta, aka ɗage wasanninsa na Marseille da Prague da Milan. Da na gaya wa Baba sai da ya yi dariya har da hawaye, wai shi ya fi shi ƙwari.

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ba mu masu tura namu keken in tsufa ya zo. Hajiya, fulas ɗinki da bargo suna wurina, na wanke, zan biyo da su Juma'a in an sauko daga masallaci.