Gahawar Khaulani, kafin a zuba mata hel

Sana'ata dafa gahawa ce a gidajen biki, a nan Makka, wani lokaci har Jidda idan aiki ya kira. Mahaifiyata ma abin da ta yi ke nan tun muna Shari'a Mansur, kuma a gindin murhunta na koyi abin da masu shan gahawa ba sa son ji: hel, ƙwayar ƙamshin nan da Turawa ke kira cardamom, yana rufa wa gahawa asiri. Ƙwayar da ta daɗe a buhu, da wadda ta sha laima, da wadda aka tsinka ba ta nuna ba, duk idan aka cika musu hel da ɗan za'afaran aka miƙa da dabinon Sukkari, baƙo zai sha finjali uku ya girgiza yana sa albarka. Mu masu dalla, wato butar dafa gahawa, mun san da haka, masu shagon attara, masu sayar da kayan ƙamshi, ma sun sani.

Ɗan wana yana aiki a ɗaya daga cikin shagunan gahawar zamani na Jidda, irin waɗanda ake auna komai a sikeli. Shi ya kawo mini 'yar jaka mai gram 250, Khaulani daga Dayir Bani Malik a duwatsun Jizan, gona ɗaya, girbi ɗaya, ba gauraye. Kuɗinta ya kusa abin da nake biyan kilo guda na Harari, gahawar Habasha, mai kyau. Ya ce, "Gwaggo, wannan ba a zuba mata komai. Ki ɗanɗana ki ba ta maki." Har ya fara ba ni labarin wai haka mutanen Sikotlan suke ji da barasarsu ta sha'ir, wadda ake dafawa a gida ɗaya a kwantar da ita shekara uku ko fiye a gangar katako, masana su zauna suna shinshinawa. Na ce masa wannan misalin ya ajiye shi a bakin ƙofa tare da takalminsa, mu yi maganar gahawa.

Sharaɗin da na gindaya masa tun farko shi ne ya haɗo mini da ɗanyarta, wadda ba a soya ba, ko da cikin tafi biyu ne. Soyayyiyar gahawa ta riga ta sa kayan salla. Ɗanya na baza a farin faranti na kai bakin taga. Abin da ake nema sananne ne: baƙar ƙwaya, mai hujin ƙwaro, fasasshiya, da warin buhu ko na fumfuna. Na tsinci fasassu biyu da mai huji ɗaya, wanda ba komai ba ne. Launinta kore ne mai jan ruwan ɗorawa, girman ƙwayoyin bai zo ɗaya ba, kuma ban ɗauki wannan aibi ba. Mutanen can da ɓawonta suke shanya ta a rana, su sussuke bayan ta bushe, shi ya sa tun tana ɗanya ake jin ƙamshin busasshen 'ya'yan itace a jikinta. Ɓawon nan shi ne gishir ɗin da mutanen kudu da na Yaman suke dafawa da citta, kuma duk wanda ya taɓa shan sa zai gane ƙamshin nan take.

Daga nan muka bi hanyarsa. Kofi biyar ya jera, kowanne gram 8.25 na garin gahawa a mililita 150 na ruwa, ruwan kuma ba mai tafasa ba, wajen digiri 93. Aka bar su minti huɗu, ya sa bayan cokali ya ture kumfar saman yana kanga hanci, sannan ya kwashe ta. Sai zuƙa: a ɗebo a cokali a ja da ƙarfi har ta fantsama cikin baki, da ƙara kuwa. Da mahaifiyata na raye ta ji wannan ƙarar a ɗakinta, da daga ni har shi mun kwana a waje. Amma batun kofi biyar ɗin ya burge ni. Ƙwaya ɗaya mara kyau idan ta faɗa dalla ɓacewa take, a kofi ɗaya cikin biyar kuwa ba ta da wurin ɓuya. A ma'auninsu maki 100 ne, wadda ta kai 80 ita suke kira ta musamman.

Da zafinta ban ji abin a-zo-a-gani ba. Ƙamshi dai akwai, na zabibi da gishir, ga gardi, amma gahawa mai zafi kusan duk bakinsu ɗaya. Sai da ta fara hucewa ta buɗe. Wani tsami ya fito, mai laushi, irin na tsamiyar da aka jiƙa ba a matsa ba, bayansa zaƙi ya biyo na busasshen dabino, ya zauna a bayan harshe ya ƙi tafiya. Ba ƙauri, ba maƙaƙi a maƙogwaro, kuma tana da jiki, ba tsululu ba ce. Na bar ta ta yi sanyi ƙalau na sake kurɓa, domin a nan gahawar banza take tona kanta, ta koma ɗaci zalla ko ta yi lami. Wannan ta riƙe zaƙinta. Kofi na huɗu ne kawai ya ba ni ɗan bauri da wani wari-warin ƙasa a ƙarshe. Shi bai ji ba sai da na nuna masa, ya zuƙa sau biyu ya yi shiru, sannan ya rubuta wani abu a takardarsa. Maki 84 ya ba ta.

Ni kuwa gwajina a dalla yake. Na soya ɗanyar da kaina, suyar fara-fara irin tamu, wadda ake saukewa tun ƙwayar tana ruwan zuma. Wannan suyar tana da tarko: ƙwayar da ba ta nuna ba takan ƙi yin duhu a kasko, a baƙar suya da ido za a tsince ta, a tamu kuwa duk fari ne, sai dai hanci da harshe. Na daka ta ɓarza-ɓarza, na bar ta a ƙaramar wuta kamar minti goma sha biyu, na raba uku.

Kashi na farko ban sa masa komai ba, kuma a farar suya tsamin ya ɗan yi kaifi, da ɗanye-ɗanyen hatsi. Na biyu na sa masa rubu'in hel ɗin da na saba, da ɗan yankin citta kamar yadda mutanen Jizan suke yi. Wannan ita ce gahawar da ta fi kowace daɗi da ta shiga bakina a bana. Cittar ta kwantar da tsamin, hel ɗin ya tsaya a gefe ya bar zabibin ya fito. Na uku na yi masa awon biki, hel cike da hannu da za'afaran. Wallahi da an rufe mini ido ba zan bambanta ta da Hararin da nake dafawa kullum ba. Kuɗin duk ya tafi a ƙamshin hel.

Ban ce tsadar zalunci ba ce. Gonakin nan matakala-matakala ne a jikin dutse, a Dayir da Faifa da kewayensu, da hannu ake tsinka, itacen kuma sai ya yi shekara uku kafin ya fara ba da 'ya'ya, ga ƙarancin ruwa. Tun 2022 kuma sunanta ya ƙara tashi: a shekarar hukuma ta sa wa shekara sunan gahawar Saudiyya, aka kafa kamfanin gahawa na ƙasa, UNESCO kuma ta shigar da noman Khaulani cikin al'adun gado na duniya. Suna idan ya tashi, buhunan da ke ɗauke da shi sukan yi yawa. A shagunan attara za a nuna miki Khaulani kala-kala. Wata daga tsallaken iyaka take, Yaman, inda ƙabilar Khaulan ma take da zama, kuma tana iya yin kyau ƙwarai. Wata kuwa sunan ne kawai a jikin buhu. Ki ce a ba ki ɗanya ki baza a tafin hannu ki shinshina. Mai shagon da ya ɓata rai don wannan, ki gaishe shi ki wuce.

Ɗan wana ya matsa sai na faɗi nawa makin. Na ce ni ba na ba da lamba, abin da na sani shi ne inda zan kai ta da inda ba zan kai ta ba. Gidan biki ba za ta je ba, domin mata ɗari uku masu jiran ƙamshin hel za su ce gahawata ta yi salam, uwar amarya kuma ba za ta sake kira na ba. Ta mutum biyu ce ko uku bayan La'asar, ba tare da Sukkari ba, don zaƙinsa yana danne nata. Busasshen dabino mara zaƙi sosai ya fi dacewa da ita.

Na ce idan zai sake saye ya sayo ɗanya gaba ɗaya, suyar shagonsu ta yi mini duhu kaɗan ga dalla, kuma ya tambayi mai gonar ko yana sayar da gishir ɗin wannan girbin, ina son rabin kilo.