Uku aka ce mini, bakwai suka zo, har da zabi

Lahadi, ƙarfe 11:30 na dare.

Ina zaune a kan bokitin fenti a kicin, don nan kaɗai ya rage a gidan nan da babu mutum kwance. Cajin wayata saura kashi 14, wuta kuwa tun azahar ba mu ga ƙyallinta ba. Bari in rubuta na yau kafin barci ya kwashe ni.

Ranar Juma'a baban yara ya dawo daga masallaci ya ce mini Inna, mahaifiyarsa, za ta zo yau Lahadi, tana da ganin likita gobe Litinin da safe a Asibitin Malam, wato Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke nan Kano. Na ce su nawa ne? Ya ce uku: ita, da Kawu yayanta, sai autarsu da za ta riƙe mata jaka. Shekara tara da aurenmu, ya ci a ce na san ukun ƙauye ba ukun birni ba ce. Tun da muka kama hayar nan a Gyaɗi-Gyaɗi, dab da titin Zariya, duk wanda aka turo asibitin daga garinsu baban yara, can gefen Ɗambatta, a nan yake sauka. Ba na ƙorafi, Allah ya sani. Wanda ya zo da ciwo ba a ce masa ya nemi otal. Amma gidan ɗaki biyu ne da falo, a saman bene, banɗaki ɗaya, sai wata 'yar baranda da ba ta wuce shimfiɗar tabarma ɗaya ba.

Na yi sammako na tafi 'Yankaba, don kayan miya sun fi araha a can idan mutum ya je kafin rana ta ɗaga. Na sayo kabewa rabi, alayyafo, 'yar yakuwa, tattasai, attaruhu, tumatir da albasa, na biya wajen mahauci na karɓi ƙashi mai ɓargo. Niyyata tuwon shinkafa da miyar taushe, abin da na san Inna na so. Sai dai Kawu yana da ciwon suga, an hana shi cika cikinsa da shinkafa, don haka tun jiya na kai alkama inji saboda a yi masa nasa tuwon daban. Ita kuma Inna hawan jini ne ya kawo ta, ke nan gishiri da dunƙulen miya sai an ja hannu. Tukunya ɗaya, marasa lafiya biyu, ga kuma yara da ba sa cin lami. Dabarar da na saba ita ce in yi miyar da daddawa sosai da albasa, in kwashe ta manya tukuna, sannan in ƙara gishiri a sauran.

Zoɓo ma kashi biyu na yi. Na dafa shi da citta, kanumfari da ɓawon abarba, na tace, na ɗebi jug ɗaya babu sukari na ajiye gefe. Firji ya zama kabad tun da zafin nan ya shigo, don wutar ba ta daɗewa har ta sanyaya wani abu, sai na aiki yaro ya sayo ƙanƙara na jera a kula.

Wajen ƙarfe ɗaya da rabi na ji tsayuwar adaidaita sahu a ƙasa. Na leƙa ta baranda, sai na ga guda biyu ne suka tsaya, ba ɗaya ba. Inna ta fito, Kawu ya fito, auta ta fito. Sai ga matar Kawu. Sai ga wani ɗan ƙanin Inna da ya ce zai duba takardunsa a Jami'ar Bayero. Sai wata maƙwabciyarsu da goyo, wai tunda mota ta samu bari ita ma ta nuna yaron a asibiti. In aka lissafa da jaririn, bakwai cif. Na koma kicin da sauri na ƙara kwano guda na shinkafa a ruwa, ban ko tsaya mamaki ba.

Na sauka na tare su a bakin matattakala, na durƙusa. "Inna sannunku da zuwa, ya hanya? Ya jikin?" Ta dafa kaina ta ce, "Da sauƙi 'yar nan, tashi, tashi. Wannan bene naku dai sai a hankali." Sau biyu ta tsaya hutawa kafin mu kai sama. Tana hawa tana ba ni labarin yadda garin ya canza mata, wai rabonta da ta zo Kano ta kwana tun ana hawa acaɓa, kafin a hana shi a 2013, kuma gadojin saman nan duk sun ɓatar da ita daga tashar Ƙofar Ruwa zuwa nan.

Tsaraba kuwa ba a magana. Gero, wake, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa a ƙunshe cikin ganye, man shanu a kwalba. Sai kuma zabi biyu, rayayyu, an ɗaure musu ƙafa da tsumma. Ɗan ƙanin Inna ya miƙo mini su yana murmushi kamar ya ba ni makullin mota. Na karɓa da hannu biyu na yi godiya, a raina ina tambayar kaina ina mai zaman bene ke ajiye zabo. Na kai su baranda na kife su da kwandon wanki, na ɗora turmi a kai. Ko minti goma ba a yi ba suka fara wannan kukan nasu da ba ya yankewa.

Abin da ke ba ni wahala a saukar baƙi a gidan nan ba girki ba ne, rashin zaure ne. A gidan da na tashi, a cikin gari, baƙo namiji iyakarsa zaure ko soro. Can za a kai masa ruwa, can za a kai masa abinci, mata na tsakar gida suna harkarsu ko mayafi babu. Wanda ya zana gidajen hayar nan bai yi tunanin Bahaushiya da surukai ba. Ƙofa ɗaya ce, kana shigowa sai falo. Kicin ta falo ake shiga, banɗaki ta falo ake wucewa. Ke nan Kawu na zaune a kujera, ni kuma duk ɗaukar ludayi sai na zura hijabi, na sunkuya, na ce "Kawu sannu da hutawa" kafin in wuce. Na ƙirga, kafin la'asar na gaishe shi ya fi sau goma. Shi ma bawan Allah ya takura, sai sunkuyar da kai yake yana jan carbi. Ga zafin Afrilu, ga tururin tukunya, ga hijabi har ƙasa. Gumi har cikin idona.

Inna kuwa ta ƙi kujera sam. Ta ce ƙafarta ba ta son lilo. Na shimfiɗa mata darduma a ɗakina, mata duka suka bi ta can. Ummi, wadda sunan Inna ta ci shi ya sa ba mai faɗin sunanta a gidan nan, ta shigo ta gaishe ta. Inna ta harare ta ta ce, "Ke kishiya, har yanzu ba ki iya tuƙa tuwo ba? To mijin nawa za ki bar mini." Ƙaramin kuma ta janyo shi jikinta tana "Angona, ina cefanena?" Baban yara ya leƙo ya durƙusa daga bakin ƙofa, ta amsa masa a taƙaice tana kallon bango. Ɗan fari ne, har yau ba ta kama sunansa, "yaron nan" take cewa, mutum mai furfura a gemu.

Ina cikin talge, na zuba gari na fara tuƙin tuwon alkama, sai wutar gas ta yi ja, ta yi ƙasa, ta mutu. Tukunyar gas ɗin mai cin kilo 12.5 ce, kuma na san ta yi sauƙi tun shekaranjiya. Har na san dabarar dubawa: a kwarara ruwan ɗumi a jikinta, a shafa da hannu, inda ƙarfen ya yi sanyi nan gas ya tsaya. Na sani, ban yi ba, na ce za ta kai mu Litinin. Laifina ne, ba na kowa ba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 komai ya tashi, mun koma sayen kilo uku, kilo huɗu, ba mu cika cika ta ba, shi ya sa lissafin ke kuɓuce mini.

Tuwo ba ya jiran mutum. In ya huce a tsakiyar tuƙi gudaji zai yi. Na sauka da gudu wajen maman 'yan biyu ta ƙasa, Bayarabiya ce 'yar Ilori, shekararmu huɗu muna maƙwabtaka. Ban gama bayani ba ta ce, "Ɗauko tukunya ki zo." Kurfotinta na da wuta, ta gama dafa wake ke nan. A ƙofar ɗakinta na ƙarasa tuwon Kawu, tana riƙe mini tukunya da tsumma ina tuƙi, tana dariyar zabin da ke ihu a samanmu. Na shinkafar ma a nan na ƙarasa. Da na kwashe na aika mata malmala uku da miya, ta dawo mini da kwanon da alalar wake a ciki. Kwano ba ya komawa fayau tsakanina da ita.

Allah ya taimake ni baban yara ya gane halin da nake ciki. Bayan sallar la'asar bai dawo da maza sama ba, ya ari tabarmar maigadi ya shimfiɗa musu a gindin darbejiyar ƙofar gida. Can aka kai musu abinci. Kawu da ya yi shiru duk rana, ina jiyo muryarsa daga sama yana ba mutanen layi labarin farashin taki. Ashe zauren nan dai shi ma shi yake nema. Ni kuwa na cire hijabi na sha iska.

Sai matsalar ruwa. Gidan da rijiyar burtsatse, amma sai da wuta ake tura ruwa tanki, tankin kuma mu gida huɗu ne a kansa. Kafin magariba famfo ya fara tari. Mutum goma sha ɗaya za su yi alwala, su yi wanka, ga masai na zama wanda kowace shiga sai ya cinye rabin bokiti. Na tsayar da ɗan ga-ruwa, jarka shida masu lita 25, ya ce hawa bene kuɗinsa daban. Ban ja ba, don na ga yadda jijiyar wuyansa ke tashi a matattakala. Inna ta shiga banɗaki ta fito tana girgiza kai, ta ce ita wannan kujerar ba za ta iya ba. Na rasa ta cewa. Auta ce ta shiga da ita ta nuna mata, suka fito suna dariya su biyu. Ta kuma tambaye ni ina randata. Na ce babu. Ta ce, "Gida ba randa? To da me kuke shan ruwan sanyi in an ɗauke wutar?" Na kalli firjin da ke tsaye ba amfani, ban ce komai ba. Gaskiyarta ce.

Da daddare aka raba makwanci. Kawu da ɗan ƙanin Inna da baban yara a falo, an jingine teburin tsakiya da bango. Inna a gadona, matar Kawu da mai goyo a katifa a ƙasa, auta da yara a ɗaya ɗakin. Fanka mai caji ɗaya gare mu, na kai wa Inna. Na kunna maganin sauro, na sa turaren wuta a kasko don ɗakin ya yi daɗi, na fitar da zannuwan gadon da nake ɓoyewa a ƙasan akwati saboda irin wannan rana.

Ina tattara kwanuka sai Inna ta kira ni. "'Yar nan, zo." Na durƙusa a gefen gado. Ta ce, "Tun da muka zo ban ga kin kai loma baki ba." Na ce na ci a kicin. Ta ce, "Ƙarya kike, ina jin motsinki." Ta janyo kwanonta daga ƙarƙashin gado, ashe ta rage malmala ɗaya da tsoka biyu ta rufe. Ban taɓa cin abinci a gabanta ba, shekara tara. Ta juya fuskarta bango ta ce, "To ga shi ba na kallonki." Na ci. Miyar ba gishiri, ta huce, amma na sha har da suɗe kwano.

Ina miƙewa ta kwance haɓar zaninta ta danƙa mini wasu kuɗi a nannaɗe, ta ce in ƙara a sayi iskar girkin nan. Ashe ta ji komai. Na ce wallahi Inna ba zan karɓa ba. Ta ce ba ni ta ba, angonta ta ba, kuma in na ƙara magana za ta tashi ta koma Ɗambatta a daren nan. Suna cikin gwangwanin shayi yanzu, ban ƙirga ba.

Gobe sai mun tashi ƙarfe huɗu da rabi. Baban yara zai riga su tafiya ya kama layin kati, ni kuma in dama kunun gero da wanda suka kawo, in zuba a filas, na Kawu ba sukari. Gas babu, don haka na riga na gaya wa maman 'yan biyu zan ƙwanƙwasa mata da asuba. Zabin sun yi shiru yanzu. Kawu ya ce shi zai yanka su bayan an dawo daga asibiti, amma Ummi ta riga ta zuba musu gero a murfin kwano, kuma tun ɗazu take roƙon a bar mata ɗaya.