Sa hannu ɗaya ya cinye mana shekara takwas

Har yau idan ƙaramin lauya ya kawo min takardar shigar da ƙara in duba, shafin ƙarshe nake fara buɗewa. Sai na ga sunan wanda ya sa hannu sannan in koma farko. Yaran ofis sun ɗauka tsantseni ne kawai irin na wanda ya daɗe a aiki. Ba su san abin da ya jawo ba.

Na fi shekara ashirin ina shari'o'in kasuwanci a Kano: bashin banki, saɓa yarjejeniya, rigimar abokan hannun jari, kayan da aka karɓa ba a biya ba. Na ci da yawa, an kuma kayar da ni a wasu, waɗannan duk ba sa hana ni barci. Guda ɗaya ce ta tsaya min a rai, ta wani Alhaji dillalin auduga da ya ba wata masaƙa kaya na miliyoyin naira, suka yi ta yi masa gobe-jibi.

A 2004 muka shigar da ƙara a Babbar Kotun Jiha. Hujjojinmu ba su da kafar shiga: takardun karɓar kaya da hatimin kamfanin, da wasiƙar manajansu yana neman a ƙara musu lokaci. Ni na rubuta takardar shigar da ƙarar, ni na sa hannu. Amma a ƙarƙashin sa hannun, sunan ofishinmu na rubuta, ban rubuta nawa ba. Haka na tarar manyanmu suna yi, haka kowa yake yi a lokacin, kuma akwai tsofaffin hukunce-hukunce irin Cole v. Martins na 1968 da ake jingina da su.

A 2007 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Okafor v. Nweke. Mai Shari'a Onnoghen ne ya karanta babban hukuncin. Abin da suka ce a taƙaice: bisa sashe na 2 da na 24 na dokar aikin lauya, mutumin da sunansa ke cikin kundin rajistar lauyoyi ne kaɗai zai sa hannu a takardar kotu. Ofishi ba mutum ba ne, ba a rantsar da shi ba, sunansa ba ya cikin kundi. Takardar da ta fito da sunan ofishi kamar ba a shigar da ita ba ne.

Nan ne laifina yake, kuma ba zan ɗora wa kowa ba. Na karanta hukuncin a shekarar da ya fito. Mun tattauna shi da abokai a harabar kotu, har muka sauya yadda muke sa hannu daga ranar. Abin da ban yi ba shi ne in buɗe durowa in bi tsofaffin fayil ɗaya bayan ɗaya. Fayil ɗin Alhaji yana kan teburina kusan kowane wata. Na gaya wa kaina cewa waccan shari'ar a kan takardar roƙo ce da aka shigar a Kotun Ƙoli, kuma lauyan masaƙa ya shiga shari'armu shekara uku bai ce uffan ba, ai ya riga ya yafe. Da na janye ƙarar a 2007 na sake shigarwa da sunana, aikin yini ɗaya ne da kuɗin rajista. A lokacin injinan masaƙar suna juyawa, akwai kaya a sito, akwai kuɗi a asusu.

Mun ci shari'a a 2008. Alhaji ya zo ofis da kansa ya yi ta sa min albarka. Masu masaƙa suka ɗaukaka ƙara, a lokacin Kaduna muke zuwa don Kano ba ta samu nata reshen Kotun Ɗaukaka Ƙara ba tukuna. Sabon lauyan da suka ɗauka bai ɓata lokacinsa a kan auduga ko rasit ba. Shafin ƙarshe ya buɗe.

Ranar da takardarsa ta iso na karanta, sai da na zauna. A 2011 Kotun Ƙoli ta riga ta rufe ƙofar da nake fakewa da ita, a shari'ar SLB Consortium da NNPC: idan takardar da aka buɗe shari'a da ita ce ke da wannan aibi, kotu ba ta da hurumi tun farko, kuma maganar hurumi ana iya tayar da ita ko yaushe, ko a Kotun Ƙoli ne. Shirun abokin hamayya ba ya ba kotu hurumin da ba ta da shi. Sauran fatana ya koma kan shari'ar First Bank da Maiwada, inda alƙalai bakwai suka zauna a 2012 aka roƙe su su sauka daga matsayin da kotun ta ɗauka a shari'ar Okafor. Suka ƙi. Ba a daɗe ba aka soke hukuncinmu da duk abin da aka gina shi a kai. Shaidu, tambayoyi, zaman da aka yi ta ɗagewa, duk sun zama kamar ba a yi ba.

Ina da ra'ayi a kan wannan, kuma ban sauya ba: ɗan kasuwa bai kamata ya rasa haƙƙinsa saboda yadda lauyansa ya rubuta suna ba. Amma doka ta fito ƙarara, na gan ta da idona, na kuma samu shekara guda cur kafin a yanke mana hukunci. Ba ni da bakin kuka da kotu.

Abu mafi wuya shi ne zuwa gidan Alhaji. Wani abokin aiki ya ba ni shawara in ce kotun sama ce ta sauya doka. Ban iya ba. Na durƙusa na ce, "Alhaji, ba hujjarku ce ta gaza ba. Kuskurena ne, kuma na samu damar gyarawa ban gyara ba." Ya daɗe bai yi magana ba. Sannan ya ce, "Barista, yanzu me ya rage?"

Abin da ya rage kaɗan ne. Masaƙar ta bi sahun 'yan uwanta na Sharaɗa da Challawa da Bompai da rashin wuta da kayan waje suka durƙusar. Bankin da ke riƙe da takardun jingina ya riga kowa. Na yi wata takwas ina zirga-zirga tsakanin masu kamfanin da dattawan kasuwa har aka yi sulhu a kan abin da bai kai sulusin bashin ba, a naira da ta riga ta zube. Ban karɓi ko kwabo ba, na kuma mayar masa da kuɗin aikin da ya biya tun farko. Ya karɓa bai yi min gori ba. Bai kuma sake kawo min aiki ba har Allah ya yi masa rasuwa.

Yanzu duk ranar da Kotun Ƙoli ta fitar da hukuncin da ya taɓa tsarin shigar da ƙara, a makon nan muke sauko da kowane fayil da ke raye mu auna shi da sabon hukuncin. Da aka fara tilasta sa hatimin Ƙungiyar Lauyoyi a takardun kotu a 2015, kwana uku muka yi muna wannan aiki, muka samu takardu biyu da ke buƙatar gyara, muka gyara kafin wani ya gani. Fayil ɗin Alhaji kuwa ban kai shi sito ba. Yana durowar hannun damana, kuma duk sabon lauyan da ya fara aiki da ni, shi nake fara miƙa masa in ce ya nemo min abin da ya kashe shari'ar.