Haƙarƙarin kwale-kwalen ya daina tsagewa, ashe ƙarfen gado ne

Jama'a Alhamdulillah, yau na zabga wa haɗin haƙarƙarin nan guduma son raina kuma ko gezau. Masu bin aikin nan kun san inda na maƙale, kwale-kwale mai shimfiɗaɗɗen gindi ƙafa 16 da nake so in jefa a dam ɗin Tiga, ƙashin bayan ya zauna lafiya lau amma duk haƙarƙarin da na liƙa sai ya tsage.

Abin da ya fi ɓata min rai ba waldar ce ke fashewa ba. Ka kankare ɓawon ka ga layi sumul kamar ka ɗauka hoto, sai ka ɗan taka firam ɗin ko ka juya shi ka ji ƙas, tsaga ta fito a gefen waldar, jikin angil ɗin kansa, wato ƙarfe mai kusurwa da na yi haƙarƙarin da shi. Na rage wutar injin walda zuwa wajen amp 70, na ƙara zuwa 90, na bar sandar walda mai kaurin geji 12 na koma geji 10, na canza kwalin sandar walda mai lamba 6013 gaba ɗaya don na zaci ya sha danshi, duk kanwar ja ce. Har injin na zarga, na je na aro injin walda na inbata wajen wani abokina na kunna janareto wuni guda, fetur kawai na ƙona.

Wani dattijo mai walda a layinmu ne ya leƙo, bai ko kalli waldar ba ya ce yaro miƙo min magagari. Ya goga a gefen haɗin, magagarin na zamewa yana ƙara kamar kan gilashi, ko ɗan gari bai ci ba. Ya sa giranda a guntun angil ɗin sai ga tartsatsi gajeru masu fashewa rassa-rassa birjik, ya sa a ƙashin bayan kuma tartsatsin dogaye ne, fashewar kaɗan. Ya ce wannan ƙarfen tsohon gado ne ko, na ce eh Baba, wajen ɗan gwangwan na auno shi da kilo. To irinsa kabon ya yi masa yawa, in ka yi walda gefen ya yi ja ya huce da sauri sai ya taurare ya zama mai gautsi, ga waldar tana janyewa in tana hucewa, shi kenan sai ya ɓalle. Ga sanyin hunturu da sassafe, ƙarfen ƙanƙara guda. Masu watsa wa haɗi ruwa don su ci gaba da sauri, a irin wannan ƙarfen kun gama kashe shi.

Wai ana iya lallaɓa shi, a gasa wurin da wutar gas kafin walda, a yi da sandar walda mai lamba 7018, a rufe da busasshen yashi ya huce a hankali. Na gwada a guntaye kuma gaskiya ya riƙe. Amma 7018 ba ya son injina na naɗi, wato mai taransifoma, sai liƙewa yake yana mutuwa, kuma dole ka ajiye shi a bushe ƙarau, sannan abu ne da zan ɗora mutane a kai a tsakiyar ruwa, wallahi zuciyata ba ta kwanta ba. Na yanke haƙarƙarin duka na mayar wa 'yan gwangwan a rabin kuɗi, na shiga kasuwar Ƙofar Ruwa da magagari a aljihu, duk angil ɗin da bai ci ba na ajiye musu abinsu. Dubu 40 da ɗoriya ta tafi a wannan canjin kaɗai, har yanzu in na tuna sai na ji cikina ya juya.

Da sabon ƙarfen, sandar 6013 geji 12 ɗin nan dai da na raina shi ya yi aikin. Na ɗiga ko'ina tukuna, na auna kusurwa zuwa kusurwa, sannan ina yin gajeren layi dama in tsallaka hagu don kar ya murɗe. Bututun galbanais ɗin bakin jirgi ma ya hau, na gurje farin kafin walda kuma a fili na yi, hayaƙin nan ba abin wasa ba ne, ku bar zancen wai shan madara na maganinsa.

Fallen jiki ne yanzu, 2mm nake hari, ya kamata in fara da gindi amma ƙila in yi gefe tukuna saboda kuɗi. Masu cewa in kai wa mai waldar kabayid, a'a, zafinta bazuwa yake zai lanƙwasa min fallen. In na gama zan shafa alli a waje kananzir a ciki in ga inda zai tsattsafo. Wanda ya taɓa haɗa falle 2mm da angil mai kauri ba tare da ya huje ba don Allah ya faɗa min wutar da ya sa.