Godiya ga waɗanda suka tsaya mana ranar sauke tankin mota

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, akori-kurarmu ta tashi, jiya Alhamis ta kai riɗi kasuwar Maigatari ta dawo lafiya. Ƙanena da ya bugu a kafaɗa shi ma yana samun sauƙi, har ya fara ɗaga hannu. Ya zama dole in fito fili in gode wa mutanen da suka bar aikinsu a tsakiyar kaka suka taru a ƙofar gidanmu.

Motar tsohuwar Hilux ce mai shan gas. Tun ƙarshen damina muke ganin ɗigon mai a inda ta kwana, ranar Asabar kuwa sai ya koma zuba. Kai ta Ringim a haka asara ce, ga tsadar gas, sai muka ce a sauke tankin a gida.

Godiyata ta farko ga Kawu ce. Mun cire kan batir, mun zuƙe mai da tiyo cikin jarkoki, mun ɗaga bayan motar da jak, a ganinmu shiri ya kammala. Kawu ya zo wucewa gona, ya tsaya, ya danna ƙasar wurin da diddige, ya ce, "Yaro, nan rairayi ne, jak ba ya riƙe amana a rairayi. Kada kowa ya shiga ƙarƙashi sai kun tokare ta." Shi da kansa ya mirgino gungume, ya sa aka ɗauko turmin Inna, aka tokare ta gefe biyu, aka datse tayoyin gaba da duwatsu.

Ƙanena ya shiga. Ya cire tiyon da ke kai mai inji da wanda ke dawo da ragowa, ya zare wayar geji, ya kwance wuyan da ake ɗura mai. Tankin nan yana cin kusan lita 80, kuma tiyo ba ya kwashe na ƙasa duka. Yana sassauta notin ɗamarar ƙarfe ta biyu, man da ya rage ya gangaro gefe guda, tankin ya suɓuce ya doke shi a kafaɗa, motar ta girgiza, jak ya nutse. Da kunnena na ji turmin ya tsage. Amma ya riƙe. Har yanzu in na tuna ƙafafun yaron nan a waje, sauran jikinsa a ƙarƙashin mota, sai jikina ya yi sanyi. Kawu, Allah ne ya turo ka. Allah ya ƙara girma da nisan kwana.

Sai Baba mai walda na bakin kasuwa. Na kai masa tankin ina gaggawa, ya ƙi kunna inji. Ya ce, "Ɗana, gas ba ya saurin kama wuta kamar fetur, shi ya sa yake yaudarar mutane. In ƙarfe ya ɗauki zafi, tururin da ke ciki fashewa yake yi." Sau uku ya sa aka wanke shi da ruwan zafi da omo. Abin da ya fito ya ba ni tsoro: tsatsa, laka, da ruwan da ya daɗe kwance a gindi, tunda ruwa ya fi gas nauyi, shi ne ya ci ƙarfen daga ciki. Ya cika tankin da ruwa har kusa da tsagar, ya bar bakinsa a buɗe, sannan ya ɗora wuta. Bai karɓi komai ba sai kuɗin wayar walda da man janareta. A ganina irin wannan dattijo ya cancanci a riƙa tura masa yara su koyi sana'a.

Na gode wa maƙwabcina da ya ɗauki ƙanena a mashin zuwa asibiti, da ma'aikacin da ya duba shi, da uwargida da matan maƙwabta da suka wuni dafa ruwa da tuwo. Na gode wa bakaniken da ya taso daga Ringim bayan tankin ya bushe a rana, ya canza filta, ya yi ta danna famfon hannu har iska ta fita injin ya kama. Wanda ban ambata ba ya yi mini afuwa. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya bar zumunci.

Inna, ranar Lahadi in Allah ya yarda zan kawo miki sabon turmi daga kasuwar Gujungu.